Ramar Manu

Lambuna na ƙasan Dadin Kowa,
inda ruwan dam ke bin kwata ya iso mini.
Shekara talatin ina dashen gwanda a nan,
har yau ban iya duban 'yar ƙarama
na ce wannan mace, wancan namiji ba.
Sai ta kawo ƙirjina ta yi fure.
Namiji ya sako nasa a dogon sili, yana lilo, kowa ya gani.
Mace ta maƙale nata a hammata
kamar mai ɓoyon kuɗin adashi.
Sannan in ɗauko adda.
Namiji ɗaya nake bar wa mata goma.

Manu na da shekara tara na nuna masa.
Ya ce, Baffa, wannan me ya yi aka sare shi?
Na ce, ya sha ruwa, ya ci taki,
ba a ga komai ba.
Ya daɗe yana kallon farin ruwan da ke ɗiga daga kututturen.

Bara ya roƙe ni kunya huɗu a bayan rama,
can gindin giginya inda ba a cika bi ba.
Wai sabon iri wani direba ya kawo masa.
Na ba shi, har da rabin buhun taki.
Yaron da ya gama sakandare,
ya yi shekara uku yana wa mutane cajin waya a bakin tasha,
yau ya nemi fartanya da kansa.
Har uwarsa na gaya wa, ta yi guɗa a madafa.

Ganye ya fito da yatsu, na ce ai rama ce,
'yar wani gari mai siririn hannu.
Kullum kafin tantabaru su sauka yana can a tsugune,
fitilar waya a baki,
yana ɗaga reshe, yana leƙa gaɓa,
da haƙurin da bai taɓa yi wa littafi ba.

Ranar wata Laraba na tarar da tari a gefen kunya,
an tuge, saiwa na kallon sama.
Na murza ganye ɗaya na kai hanci.
Ba rama ba ce.
Warin bayan tasha ne,
warin kangon da yara ke shiga da magariba
su fito ido ja, suna wa iska dariya.

Na ce, Manu, waɗannan fa?
Ya ce, maza ne, Baffa.
Na ce, tun yanzu? Ko gwiwa ba su wuce ba.
Ya ce, ido ne. Kai ka koya mini.
Sai dai a nan ko ɗaya ba a bari.

Ban mare shi ba.
Hannuna ne ya bi kunya huɗun nan,
bai tambayi mace ba, bai tambayi namiji ba.
Ban ƙona ba, kada hayaƙi ya kai wa Gidado labari.
Rami na haƙa na binne, na tattake,
na dasa barkono a kai.

Yanzu yana Kumo, an ce, wajen masu lodin hatsi.
Yakan kira uwarsa. Ni ba ya kira na.

Akwai namijin gwanda guda jikin shinge,
na biyu ne, ya wuce lissafi.
Sau uku ina wasa adda domin sa.
Gidado ya ce in datse kansa kawai,
wai wani yakan sake toho ya haihu.
Ban sani ba. Ban taɓa jira na gani ba.
Da yamma idan na saki ruwa
nakan ture ƙasa da ƙafa
ya ɗan ratse ta gindinsa.